Gammon kyamara

'Yan uwa ɗalibai, musamman 'yan injiniyarin da 'yan fiziks da ke shirin zaɓen furojet na ajin ƙarshe. Rubutun nan yana da ɗan tsawo, wanda datarsa ta kusa ƙarewa ya ajiye shi sai dare.

Mu a Arewa muna da wata ɗabi'a. Duk bayan 'yan watanni sai hoton wani yaro ya zagaye wayoyi, ya ƙera jirgin sama da kwali ko langa-langa, a yi ta Masha Allah, a yi ta kiran gwamnati ta taimaka masa, bayan sati biyu kowa ya kama gabansa. Tambaya ɗaya ake yi: ya tashi? Ba mai tambayar in ya tashi ya yi me.

Wanda ya fi shahara a cikinsu shi ne Mubarak Muhammad Abdullahi, ɗalibin fiziks a Jami'ar Bayero ta Kano, wanda a 2007, yana ɗan shekara 24, ya haɗa jirgi mai saukar ungulu da injin Honda Civic da kujerun tsohuwar Toyota. Labarinsa ya je har kafofin watsa labaran ƙasashen waje. Jirgin bai taɓa wuce ƙafa bakwai daga ƙasa ba, kuma a kan ƙafa bakwai ɗin nan mutane suka tsaya, masu yabo da masu dariya. Ni abin da ya tsaya min a rai wani abu ne daban: ya saka kyamara a ƙarƙashin jirgin, ya haɗa ta da ƙaramin allo a gaban matuƙi don ya riƙa ganin ƙasa. Tun lokacin ya gane cewa jirgi ba tashi kawai ake so ya yi ba, ana so ya ga wani abu.

To a kan wannan ganin zan yi magana, don shi ya cinye min yajin aikin ASUU na 2022, wanda aka fara 14 ga Fabrairu aka janye 14 ga Oktoba. Wata takwas cur ina gida Suleja, wajen Kwamba.

Ina da yaya, ɗan baffana, sana'arsa ɗaukar bidiyon biki. Yana ganin yadda manyan masu harkar a Abuja ke ɗauko ayarin amarya daga sama da jirage marasa matuƙi, shi ma abin ya shiga ransa, amma kuɗinsu ya fi ƙarfinsa nesa ba kusa ba. Sai ya samu wani yana sayar da tsohon helikwafta na rimot, mai aiki da batir, irin wanda ake kira ajin 450, ya saya a arha. Ya koyi tayar da shi a tsakar gida, ya ɗaure ƙaramar kyamararsa a ciki da robar tayar babur, ya ɗauka, ya kunna a kwamfuta. Wallahi sai ka rantse a cikin ruwa aka ɗauki hoton. Falwayar lantarki tana lanƙwasa kamar igiya, katanga tana rawa, ba ka iya kallon minti ɗaya kanka bai sara ba. Ya turo min jirgin a kwali ya ce, "Injiniya, ga aiki. Amma fa kyamarar nan ita ce ta biyu a shagona, in ta faɗo mu biyu za mu yi kuka."

Ga wanda bai taɓa ganin irinsa ba: faɗin farfelarsa ya kai kusan santimita 70, nauyinsa da batir bai cika kilo ɗaya ba, batirin kuma mai bolt 11.1 ne, yana riƙe shi a sama minti biyar zuwa shida. Ba abin wasan yara ba ne, farfelar nan in ta samu yatsa sai asibiti. Kafin kamfanin DJI ya fito da Phantom a farkon 2013, da yawa daga masu ɗaukar hoto daga sama a duniya da irin waɗannan helikwaftocin suke aiki, kuma kowa da hannunsa yake ƙera mazaunin kyamararsa. Wato ba sabuwar matsala aka ba ni ba. Tsohuwa ce da masu kuɗi suka tsallake ta da kuɗi.

Me ke sa hoton rawa? Abu biyu ne suka haɗu. Farfelar tana juyi kusan 2,700 a minti, wato sau 45 a daƙiƙa ɗaya. In ɓangare ɗaya ya fi ɗaya nauyi ko da ɗan ƙanƙani ne, duk juyi sai ta fizgi jirgin, sau 45 kenan kowace daƙiƙa. Ita kuma ƙaramar kyamara irin tamu ba ta ɗaukar hoto gaba ɗaya lokaci guda, layi-layi take karantawa daga sama zuwa ƙasa. Kafin ta kai layin ƙasa jirgin ya riga ya motsa, sai saman falwaya ya fito a nan, gindinta a can. Ba kyamarar ce ta lalace ba, kuma ba wata manhaja da za ta gyara maka shi yadda ya kamata bayan an ɗauka. Dole a raba kyamara da jijjigar jirgi. Ni dai gammo na sa wa abin suna, don aikinsu ɗaya: ya shiga tsakanin kai da kaya.

A nan ne darasin jijjiga na ajinmu ya dawo min, darasin da yawancinmu muka haddace don jarrabawa kawai. Duk abin da aka ɗora a kan roba ko sifirin yana da saurin da yake son yin lilo da kansa. In bugun da ke zuwa daga waje ya yi daidai da wannan saurin, rawar ba raguwa take ba, ninkuwa take. Shi ne rezonans ɗin da Malam ya yi ta nanatawa muna hamma. Duk wanda ya taɓa ɗauko bokitin ruwa daga rijiya ya san shi: akwai irin takun da in ka yi, ruwan sai ya fara tambal-tambal har ya jiƙa ka, ka canza taku ya lafa. Shi ya sa ba kowace roba ce gammo ba. Wata robar ƙara wa hoton rawa za ta yi.

Kuma lissafin ba shi da wuya, abin har ya ba ni haushi da sauƙinsa. Ka auna milimita nawa gammon ya nutse da ka ɗora masa kaya, ka ɗauki sukwaya rut ɗinsa, ka raba 15.8 da shi. Abin da ya fito shi ne lilo nawa yake yi a daƙiƙa. In ya nutse milimita 1, lilonsa kusan 16 ne, ita kuma farfela tana bugu 45, kusan ninki uku, don haka abin da zai wuce zuwa kyamara bai fi kashi ɗaya cikin bakwai ba. Amma in robar ta yi tauri har nutsewarta ba ta wuce milimita 0.12 ba, lilonta ya zama kusan 45, ta haɗa baki da farfela kenan. Robar da aka ja ta miƙe tsam a kan kyamara mara nauyi a wannan yankin take zaune. Ba ni da abin awon milimita a gida, sai na yi amfani da katin ATM, kaurinsa milimita 0.76 ne. Nutsewar da nake nema ta ɗan fi kati ɗaya, ba ta kai biyu ba.

Da wannan lissafin a takarda na shiga gari neman kaya, kuma a nan ne abin ya yi daɗi.

Akwai wani dattijo mai gyaran janareta a hanyar kasuwar IBB, tun ina firamare nake ganinsa a wurin. Na gaishe shi, na ce, "Baba, shawara na zo nema." Na fara yi masa bayani da turancin aji, ya ɗaga min hannu ya ce in kunna abin ya ji. Na riƙe jirgin a ƙasa, an cire farfela, na ɗan ba shi wuta, ya ɗora yatsa biyu a jikinsa kamar mai duba zazzaɓi. Sai ya ce, "Ɗan makaranta, ai wannan ƙaramin janareta ne. Ka ga wancan?" Ya nuna min wani da aka ɗora a kan tsohuwar tayar mota. Ya ce in ka sa ƙaramin janareta a kan katako gida duka sai ya ji, in ka sa shi a kan taya sai ya yi shiru, amma in janaretan ya cika rashin nauyi ko taya ba ta riƙe shi, sai ka ɗora masa bulo. "Abu mara nauyi ba ya zama lafiya a kan roba."

Na tsaya ina kallonsa. Ƙananan janaretocin nan juyi 3,000 suke yi a minti don su ba da wutar da muke amfani da ita, wato sau 50 a daƙiƙa, dab da 45 ɗin farfelata. Shekara da shekaru mutumin nan yana warware lissafin da ke cikin jakata, da taya da bulo. Ba ina cewa ya fi malamanmu ba, kar wani ya ɗauke ta haka. Shi ba zai iya gaya maka me ya sa ba, kuma in aka canza masa saurin inji sai ya koma gwaji daga farko. Ni kuma ina da dalilin, amma ban san da yatsa ake jin jijjiga ba. Rabin ilimin yana wurinsa, rabi yana wurina, tsakaninmu kuɗin acaɓa ne kawai, kuma shekara huɗu ina jami'a ba wanda ya taɓa cewa in je.

Maganarsa ta bulo ita ta buɗe min hanya. Kyamarar giram 60 ce da 'yan kai, na auna ta a sikelin wani mai sayar da zinari, ba abin da za ta iya nutsarwa. Ƙara mata nauyi kuma ba zai yiwu ba, jirgin da ƙyar yake ɗaukar ƙarin giram 150 zuwa 200. Amma ai akwai bulo a cikin jirgin tun asali: batir, kusan giram 180. Sai na ciro shi daga hancin jirgi na mayar da shi kan faranti ɗaya da kyamara. Nauyin jirgi bai ƙaru ba, amma abin da ke zaune a kan gammo ya ninka sau huɗu.

Faranti biyu na yanka daga ragowar alminiyam na masu haɗa tagogi, kyauta ma suka ba ni, suna ta tsokanata wai zan kai su Makka a ciki. Na sama an ɗaure shi a jikin jirgi, na ƙasa yana rataye, kyamara a gaba, batir a baya. Na ƙara wa ƙafafun jirgin tsawo don kada kaya su taɓa ƙasa wajen sauka. Sai abin da zai shiga tsakanin farantan. Na gwada abu uku. Soson silifas ya yi tauri. Robar taya tana aiki da safe, amma da rana ta take sai ta saki, ga shi in ta fara lilo ba ta saurin tsayawa. Wanda ya yi nasara shi ne wayar birkin keke. Ka yanka guda huɗu daidai wa daida, ka lanƙwasa kowace kamar baka, ka ɗaure bakinta ɗaya a sama ɗaya a ƙasa, a kusurwa huɗu. In ka ƙara mata tsawo ta yi laushi, in ka rage ta yi tauri, don haka kana iya saita nutsewar yadda kake so. Ga wani abin kuma: wayar birki siraran wayoyi ne da yawa aka murɗe, in ta motsa sai su riƙa gogar juna, gogayyar ta shanye lilon. Aikin da ganye ke yi kenan in yara mata suka jefa shi a kan ruwan bokiti. Daga baya na ga ashe a manyan injina ma ana amfani da irin wannan dabarar da igiyar ƙarfe mai kauri.

Sauran aikin haƙuri ne kawai. Ka ɗaga jirgi ta kan sandar da ke juya farfela, ka ga ko ya tsaya daidai ko hancinsa ya sunkuya, ka matsa da batir gaba ko baya har ya daidaita. In ba ka yi haka ba, duk tashi jirgin zai riƙa janka gefe guda. Ka ciro fikafikan farfela biyu ka gwada nauyinsu, wanda ya gaza ka naɗa masa ɗan salatif. Wannan salatif ɗin na naira kaɗan ya rage jijjiga tun daga tushe fiye da yadda na zata, don gammo komai kyansa ragewa yake, ba ya kashewa. Saboda hasken rana kuma na yanko gilashin baƙin tabarau na rufe idon kyamara, yana sa ta ɗan jinkirta ɗauka, ragowar rawar ta narke.

Yaya za ka san ka ci nasara ba tare da ka yaudari kanka ba? Wannan ita ce tambayar da za a yi maka ranar kare furojet, gara ka tanadi amsa. Na sayi 'yar tocilar leza irin ta maƙalin makulli, na ɗaure ta a mazaunin kyamara, na haska bango daga nisan mita biyar, jirgi a ɗaure a kan benci. Da ɗaurin roba na farko, ɗigon ja ya zama layi mai tsawon tafin hannu. Da wayar birki ya dawo bai fi farcen babban yatsa ba. Na ɗauki hoton kowanne da rula a gefe. Kuma akwai abin da ya sa na yi tsalle ni kaɗai a tsakar gida, har Umma ta leƙo tana tambayar lafiya. Lokacin da farfela ke ƙara gudu, tana kaiwa wajen juyi 950 a minti sai gammon ya rikice ya yi rawa sosai na ɗan lokaci, tana wucewa ya nutsu. Ka ninka 16 da 60 ka gani. Lissafin takarda ya faɗi inda abin zai rikice, kuma nan ɗin ya rikice. Tunda na shiga jami'a ban taɓa jin daɗin wata lamba irin na ranar ba.

Na san tambayar da ke bakinku: ina bidiyon Dutsen Zuma daga sama? Duk wanda ya ji ɗan Suleja yana da jirgi mai kyamara abin da yake fara tambaya kenan, dutsen da ke jikin tsohuwar naira ɗari ga shi nan a Madalla. Babu, kuma da gangan. Tun watan Mayun 2016 hukumar kula da sufurin jiragen sama, NCAA, ta sanar cewa ba a tayar da jirgi mara matuƙi a sararin Najeriya sai da izininta da na ofishin mai ba shugaban ƙasa shawara kan tsaro. Suleja kuma a bakin Abuja take, ga barikin soja, ga shingayen bincike a hanya. Ku tuna wace shekara ce: 28 ga Maris aka kai wa jirgin ƙasan Abuja zuwa Kaduna hari, a watan Yuli aka fasa gidan yarin Kuje. A irin wannan lokacin saurayi ya tsaya a gindin dutse da rimot a hannu, abu na shawagi da kyamara, ba wanda zai tsaya jin bayanin rezonans. Ko a cikin unguwa sai da wani maƙwabcinmu ya aiko a tambayi Baba me ake ɗauka, don ƙarar tana shiga gidansa, kuma yana da iyali a tsakar gida. Yana da gaskiya. Na je da kaina na gaishe shi, na nuna masa bidiyon, na nuna masa igiyar da nake ɗaure jirgin da ita, wadda ba ta barinsa ya wuce tsayin katangarmu. Duk gwajin da na yi a cikin gida na yi shi, a ɗaure. Wanda zai ɗauki irin wannan a matsayin furojet, ya fara zama da malamin da ke duba shi a kan maganar izini da filin gwaji tun kafin ya sayi noti ɗaya, kuma a nema da sunan sashe, ba da sunan ɗalibi ba.

Da aka koma makaranta na kai wa malamina hotunan bangon nan da lissafin. Wani abokina ya ce min abin ya yi ƙanƙanta, wai faranti biyu da wayar keke ne za su zama furojet, alhali wasu na rubuta sun ƙera jirgi sukutum. Mun san yadda ake ƙera da yawa daga cikin waɗannan: a sayo kayan a haɗe, a ɗaura noti, a sauya bangon rahoton wani. Ranar karewa a tambayi mutum me ya sa ya zaɓi wannan injin ba wancan ba, ya fara kallon silin. Ni na fi son ƙaramin abin da zan iya kare kowane milimita nasa. Malamin ya daɗe yana kallon hoton layin lezar, sannan ya ce in sake gwajin da tsawon waya iri biyar, in zana jadawali, in kuma nemo manhajar phyphox a waya in auna jijjigar da ita don a samu lamba ta biyu. Kyauta ce manhajar, wata jami'a a Jamus ta yi ta, kuma tana amfani da abin jin motsi da ke cikin wayarka tun asali.

Shi kuma Yaya, da ya ji maganar izini sai jikinsa ya yi sanyi da jirgin, har yau yana cikin kwalinsa a saman sif. Gammon ya ɗauke. Ya ce in mayar masa da shi kan babur, don ya riƙa bin ayarin motocin amarya yana ɗauka, abin da tun farko shi ne ke kawo masa kuɗi. Sai dai babur ba helikwafta ba ne. In yana tsaye injinsa juyi 1,500 yake yi ko ƙasa da haka, sau 25 a daƙiƙa, ya matso kusa da 16 ɗin gammona, ga ramukan hanya da ba su da lissafi. Dole nutsewar ta koma wajen milimita 4 don lilon ya sauko zuwa 8, wato waya mai tsawo da faranti mai nauyi. Wannan karon nauyi ba matsala ba ne, babur ba ya ƙorafin kaya, don haka na koma wurin Baba mai janareta ya ba ni wani guntun ƙarfe na ɗaura a ƙasan farantin.